Na Sa Maka Hannu

Bwari,
7 ga Yuli.

Zuwa ga Yayata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Maude da yara da duk mutanen Zuba. Na ba Yamusa direba wasiƙar kamar kullum, tunda kunnenki ya hana mu magana ta waya, wayar gidan kuma tana aljihun Malam Maude tana cinikin abarba.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Sunana ya fito cikin mutum uku na ƙarshe a tallafin karatu na Gidauniyar Maiturare. Wani tsohon injiniya ne ya kafa ta, duk shekara sukan zaɓi ɗalibin injiniya guda ɗaya a jami'armu su ɗauke masa nauyin shekarar ƙarshe gaba ɗaya. Ba maki suke dubawa ba, da maki ne da ban ma ɓata birona ba. Shugabanci suke nema, wa ya ja ɗalibai suka yi abin kirki, wa ake gani a taro da aikin gayya. To ƙaninki shi ne ciyaman na ƙungiyar ɗaliban injiniya, kuma a zamanina aka gina kwalbatin ƙauyen Gawupe. Kin san halin da muke ciki. Keken ɗinkinki ya tafi saboda aji uku, sarƙar aurenki ta bi shi saboda aji huɗu, babu abin da ya rage a ɗakinki da zai tafi saboda aji biyar. In na samu wannan na gama. In ban samu ba, sai dai in ajiye karatun.

Sun ce mu kawo shaida, sai na sa Nazeefa, sakatariyar ƙungiya, ta ba ni fayil ɗin takardun halarta, waɗanda ake zagayawa da su a taro kowa ya rubuta sunansa da lambarsa ya sa hannu. Ta ce, "Ciyaman, kai fa ko sau ɗaya ba ka taɓa fashi ba. Ko fankar ɗakin taron ba ta kai ka zuwa ba." Na yi dariya, don na san sirrin. Kin tuna abokina Jonah, ɗan Gbagyin nan bahago da ya taɓa rako ni gidanki ya tashi da malmala uku ta tuwo? Tun muna aji ɗaya muka ƙulla cewa in takarda ta zo, shi ya rubuta sunana ni in rubuta nasa a ƙasa, ko da muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ta haka rubutun kullum iri ɗaya ne, babu malamin da zai gane ranar da ɗayanmu bai zo ba. Dabarar ta yi mana aiki shekara huɗu. In za a faɗi gaskiya ni ta fi yi wa aiki, don shi ba ya fashi.

Ga abin da ya ɗan tsaya min a rai. Kin san ruwa ya tafi da Jonah ranar sha bakwai ga Mayu, ranar da aka zuba kankaren kwalbatin, a rafin ƙauyensu. To a cikin fayil ɗin akwai takardar taron biyar ga Yuni, wanda ban je ba, ina kwance da zazzaɓi. Sunana na nan a layi na tara, da koren biro, rubutun ya kwanta baya irin na bahago. Duk sashenmu babu mai rubutu da koren biro sai Jonah. Na tambayi Nazeefa, ta ce ita dai haka takardar ta dawo hannunta. Wani ɗan iska ne yake kwaikwayon rubutunsa, kuma ranar da na kama shi zai gane kurensa.

Ki taya ni da addu'a, intabiyu sati mai zuwa ne. A gaida Malam Maude, a shafa min kan Hussaina.

Ƙaninki,
Ikrama.

*

Zuba,
10 ga Yuli.

Ikrama,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, mun amsa. Kowa lafiya, sai Hussaina da ke fama da haƙori tana cizon duk wanda ya ɗauke ta.

Da na karanta labarin tallafin nan na rangaɗa guɗa. Ni ban ji ta ba, amma maƙwabta sun shigo a guje, to ka san ta fita. Na yi sujada a tsakar gida har goshina ya kwashi ƙasa. Maude ya ce in gaya maka in ka zama injiniya ka fara da hanyar bayan kasuwa, wadda take cinye masa taya duk damina. Allah ya tabbatar mana da alheri, autan Inna. Ashe surutun nan naka da ya hana mu sakat tun kana ƙarami wata rana zai yi rana.

Maganar koren biro kuwa, ban so ta ba. Ka riƙa azkar ɗinka safe da yamma, ka daina yawo da fayil ɗin a jaka.

Amma ni ma akwai abin da ya tsaya min, kuma ka san ba na iya haɗiye magana. Hoton nan da ka aiko min, kana cikin farar shadda kana karɓar lambar yabo a wani otal a cikin Abuja, yana manne a bangon ɗakina, kullum sai na kalle shi. Jiya da na gama karanta wasiƙarka na ɗaga kai. A bayanka akwai ƙyalle an rubuta Taron Matasan Shugabanni, a ƙasa kuma an sa 17 ga Mayu. Akwai agogon bango a gefe, huɗu saura kwata.

Lokacin rasuwar yaron nan ka rubuto min cewa kuna tare a bakin rafin, ka juya neman igiya ruwa ya zo. Na yi kuka har na kasa girki, ina cewa da kai ne fa. To yanzu ka gaya min, ta yaya mutum ɗaya yake Gawupe yake kuma otal a lokaci guda? Ni kunne ne ba ni da shi, idona ƙalau yake.

Ga lemo da mangwaro a buhu, ka ba Yamusa nasa, kada ka yi irin halin naka. Ina jiran amsa, kuma ba irin wadda kake ba ɗalibai a taro ba.

Yayarka,
Uwani.

*

Gawupe,
13 ga Yuli.

Zuwa ga ɗana Ikrama,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni ne Magdalene, maman Jonah. Rita ƙanwarsa ne yake rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu. Yaya karatu, yaya haƙuri? Mu muna nan, mun gama shuka doya, mun gode Allah.

Shekaranjiya wasu oga uku sun zo da mota, da wani tsoho mai sanda. Sun ce za su ba ka sikolashif, sun zo su ga aikin da idonsu. Na kai su. Mata suna wucewa da itace a kafaɗa zuwa kasuwar Bwari, babu wanda ya cire takalmi, babu wanda ya jiƙe. Tsohon ya durƙusa da ƙyar ya karanta sunanka a jikin siminti, ya shafa da hannu. Na ce masa kai yaron kirki ne, kai da Jonah kamar 'yan biyu kuke. Ban ce komai ba bayan wannan.

Ɗana, abu biyu ne ya sa na ce Rita ya rubuta. Na farko, tun da aka binne shi ba ka zo ba. Ka ce mini kana tare da shi ranar. To ni uwa ne, ina so in ji. Ya ci abinci? Yana dariya? Mene ne magana na ƙarshe da ya faɗa? Ko kalma ɗaya ne ka ba ni, in riƙe. A ƙasan sunanka a simintin ya zana wani akwati da ƙusa, babu komai a ciki. Kullum in na wuce ina tsayawa in duba, ban gane ba. Kai ne ɗan makaranta, wataƙila ka san ma'ana.

Na biyu, kada ka yi mini dariya. Da aka samo shi a ƙasan gonar su Yakubu, akwai koren biro a aljihunsa. Na wanke na sa a cikin Littafi Mai Tsarki, babu mai taɓawa. Irin wanda ake ganin ruwan ciki ne. Rita ya ce mini, "Mama, ruwan yana sauka." Na ce ƙarya ne. Sai ya ɗaura zare daidai inda ruwan ya tsaya. Bayan sati biyu muka buɗe, ruwan ya wuce zaren zuwa ƙasa, kuma takardar Littafin babu tabo ko ɗaya. Fasto ya yi addu'a, ya ce zafi ne yake busar da shi. To damina muke, ɗana, wane zafi?

Ka zo ka gan mu. Allah ya kiyaye ka, ya ba ka nasara.

Mamanka,
Magdalene Zacharias.

*

Bwari,
18 ga Yuli.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara. Lemon ya iso, ban iya sha ba. Na haɗo miki da wasiƙar mahaifiyar Jonah, ki fara karanta ta.

Idonki bai yi ƙarya ba. Ba na Gawupe ranar.

Kwalbatin nan ma ba nawa ba ne. Jonah ne ya kawo maganar, don tun yana firamare yake tsallaka rafin da litattafansa a ka. Shi ya auna, shi ya zana, shi ya bi masu shagunan siminti ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Nawa shi ne jawabi da hoto. Da aka raba aikin ranar zuba kankare, ni da bakina na ce a sa ni gadi, wato in tsaya bayan kowa ya tafi, in hadari ya taso mu rufe ɗanyen kankaren da tamfol kada ruwa ya wanke shi. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a wannan gaɓar ɗaya a waccan. Sai ga gayyatar otal ta faɗo a rana ɗaya. Na ce wa Jonah zan leƙa in dawo kafin azahar.

Ƙarfe biyu motar ɗalibai ta bar ƙauyen. Uku da rabi ya kira ni, ina zaune ina jiran a kira sunana.

Ya ce, "Ciyaman, kana ina? Hadari ya haɗu a kan dutse fa, baƙi ƙirin."

Na ce, "Ina hanya, na kusa."

Ya yi dariyar nan tasa, don yana jin lasifika a bayana. Ya ce, "Oga, wace hanya ce mai tafi haka? Ba komai. Kar ka damu, na sa maka hannu. Na bar maka wurin nawa, ka zo kafin ya bushe."

Na kashe wayar, don an fara kiran sunaye. Shi kaɗai ya ɗaure gefe ɗaya na tamfol, ya sauka cikin rafin zai haura ya ɗaure ɗayan, ruwan da aka yi a kan duwatsu ya sauko. Na iso wajen shida na tarar ana nemansa. Da mahaifiyarsa ta riƙe hannuna tana tambaya, ƙaryar ta fito da kanta, ni kuma na bar ta. Akwatin da take tambaya a kai, wurin sunansa ne. Masu gini sukan rubuta suna a ɗanyen siminti, shi kuma ya yi yadda muka saba, ya rubuta nawa ya bar min in rubuta nasa.

Yanzu ga abin da ya faru ranar Talata. Mun yi taro da tsakar rana, ƙarfe sha biyu, tagogi a buɗe. Na ce yau sai na kama mai wasan nan. A gabana Nazeefa ta yago sabuwar takarda ta ja layi. Na ƙi sa hannu, na tsaya a gaba ina bin takardar da ido daga hannu zuwa hannu, ban ko ƙifta ba. Da ta dawo, sunana na layi na tara da koren biro. Layi na goma babu komai. Juliet ce a na takwas, Godfrey a na sha ɗaya.

Na ce, "Juliet, wa kika ba takardar?"

Ta ce, "Godfrey mana. Na ɗora a kujerar da ke tsakaninmu ya ɗauka."

Godfrey ya ce, "Ciyaman, na rantse, da na ɗauka sunanka yana ciki. Na zaci kai ka fara sawa."

Na ce, "To me ya sa ka tsallake layi na goma?"

Ya kalli takardar. Ya ce, "Ban sani ba. Kamar wurin wani ne."

Kujerar da ke tsakaninsu ita ce ta jikin taga, inda Jonah yake zama. Na taɓa rubutun, tawadar ba ta bushe ba. Na yi alwala ta fi sau goma tun ranar, koren yana nan a yatsana. Da na koma fayil ɗin na duba na biyar ga Yuni, nan ma layi na goma a buɗe yake.

Jiya aka yi intabiyu. Tsohon, Injiniya Maiturare, ya ce shekara goma sha biyu suna ba da tallafin nan ba su taɓa ganin ɗalibin da bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Ya ce, "Abin da ya fi burge ni, yaro, ba takardun ba ne. Na ga sunanka a kankare. Wanda ya tsaya har aka zuba kankare shi ne shugaba." Na ce na gode, ranka ya daɗe. Yaya, abin da na ce ke nan.

Tsoro nake ji. Ina tsoron takarda, ina tsoron in yi magana in mayar da sarƙarki da kekenki asara. Ki gaya min abin da zan yi. Ba zan sa suna a ƙasan wannan wasiƙar ba, na gaji da ganinsa, kin dai san mai rubutawa.

Wassalam.

*

Zuba,
21 ga Yuli.

Ikrama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Wannan ce wasiƙa ta biyu da na rubuta maka yau. Ta farko na ce ka ja bakinka ka yi shiru, ka karɓi tallafin, in ka fara aiki ka riƙa kai wa uwar yaron buhun shinkafa. Har na ninke ta. Ina gaya maka ne don kada ka ɗauka yayarka waliyyiya ce. Na tuna keken nan, na tuna yadda na tsaya a bakin ƙofa ina kallon mai saye yana ɗaure shi a bayan babur, na ce wallahi ba za a yi asarar nan da ni ba.

Sai na sake ɗaukar taka don in duba kwanan wata. Ikrama, ka ce ba za ka sa suna ba. To akwai suna. A ƙasan wassalam, Ikrama, da lambarka ta makaranta, da koren biro, rubutun ya kwanta baya. Ambulan ɗin a liƙe ya zo, ni na yaga shi da hannuna. Na nuna wa Maude ba tare da na yi masa bayani ba, na tambaye shi wane launi yake gani. Ya rubuta min a tafin hannunsa, kore.

Na jefa ta farkon a murhu.

An koya mana wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma a kan haka nake. Ban san mene ne wannan ba, ba kuma zan zauna ina lissafin aljanu ba. Abin da na sani shi ne akwai mace a Gawupe da take tsayawa kullum a kan siminti tana kallon akwatin da babu komai, tana kiran wanda ya yi mata ƙarya ɗanta. Wannan ya fi koren biro ba ni tsoro. Inna ta rasu tana riƙe da hannuna, na san maganarta ta ƙarshe ko da ban ji ta da kunne ba, na gani a leɓenta. Kai kuma kana riƙe da ta ɗan wata ka hana ta.

Ban sayar da kekena don a ce ƙanina injiniya ne kawai ba. Na ji kunya, Ikrama, na kuma ji tausayinka, duka biyun har cikin raina. Ka je ka gaya wa tsohon nan gaskiya. Ka rubuta wa matar nan kafin ka je mata, don na san ka, in ka ga idonta bakinka zai sake yi maka dabara.

Hoton na cire shi daga bango. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Yayarka,
Uwani.

*

Bwari,
25 ga Yuli.

Zuwa ga Mama Magdalene,

Ina gaishe ki da girmamawa, Mama, ina gaida Rita da duk mutanen gida. Wasiƙarki ta same ni tun kwana goma sha biyu da suka wuce, kunya ce ta hana ni amsawa. Rita, don Allah ki karanta mata duka, kada ki tsallake komai don ki rage mata zafi.

Mama, na yi miki ƙarya. Ba na tare da Jonah ranar da ruwa ya tafi da shi. Ina cikin gari ina karɓar lambar yabo a kan aikin da shi ya yi. Ni ya kamata in riƙe ɗaya gefen tamfol ɗin. Da na zo, da bai sauka cikin rafin ba. Ya kira ni da uku da rabi, na ce ina hanya, alhali ina zaune a kujera.

Kin tambaye ni ko yana dariya. Yana dariya, Mama, da ni yake yi. Ban san ko ya ci abinci ba. Maganarsa ta ƙarshe da na ji ita ce, "Kar ka damu, na sa maka hannu. Na bar maka wurin nawa, ka zo kafin ya bushe." Akwatin nan wurin sunansa ne. Shekara huɗu shi yake rubuta sunana ni ina rubuta nasa, ranar kuwa ban zo na yi nawa ba.

Ranar Laraba aka kira ni ofishin gidauniyar aka ce ni aka zaɓa. Magatakarda ya buɗe sabon ambulan ya fito da fom ɗin karɓa, ya miƙo min biro, sai ya tsaya. Ya ce, "A'a, yaushe ka sa hannu?" An riga an sa, da kore. Na ce a kai ni wurin Injiniya Maiturare. Na gaya masa duk abin da na gaya miki yanzu, har da yadda muke sa wa juna hannu.

Tsohon ya ɗauki fom ɗin ya duba sa hannun. Sannan ya ce, "Ka san ba zan iya ba ka ba." Na ce na sani. Ya ce, "Na durƙusa da wannan gwiwar tawa na shafa sunanka. Ka sa na shafa sunan da ba shi ba." Ya sa fom ɗin a aljihun tebur ya kulle, ya ce in tafi. Nazeefa sakatariyarmu za a ba, ita ma tana cikin mu ukun ƙarshe, kuma ta cancanta, ita ta ɗauki kwanon kankare a kanta ranar.

Zan ajiye karatu bana, na samu aikin gini a Kurudu. Ban gaya miki wannan don ki tausaya min ba. Ban kuma ce ki yafe min ba, ba ni da bakin roƙon haka. Abu ɗaya nake roƙo, ki ba ni izini in zo in rubuta sunansa a wurin da ya bar min. In kin ce kada in tako ƙauyenku, ba zan tako ba.

Na gode da duk abincin da na ci a gidanki.

Ikrama.

*

Gawupe,
28 ga Yuli.

Ikrama,

Ina gaishe ka. Rita ya karanta mini sau biyu, yana kuka, ni ban yi ba.

Ranar da ka zo kana cewa kana tare da shi, na duba ƙafarka. Takalminka yana ƙyalli, babu laka ko kaɗan, rigarka fari tas. Duk wanda ya taɓa rafin nan ranar ya yi ja har gwiwa. Ni manomi ne, ɗana, na san laka. Na sani tun ranar. Na gaya wa tsohon kai yaron kirki ne saboda Jonah yana sonka, ba saboda ni ba. Na rubuta maka ne in ga ko za ka faɗa da bakinka.

Zuciyana yana zafi da kai, ba zan ɓoye ba. Ban san ranar da zai huce ba. Amma ka ba ni maganarsa, kuma na ji muryarsa a ciki, haka yake magana.

Ruwan biro ya ƙare ƙaf ranar Laraba.

Ka zo Asabar da safe. Ka kawo siminti kaɗan, akwai yashi a nan. Kada ka sa farin kaya.

Magdalene.

*

Bwari,
5 ga Agusta.

Yayata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa.

Na je ranar Asabar. Na fasa cikin akwatin na zuba sabon siminti na lallaɓe shi. Na ɗauko ƙusa, sai Mama ta riƙe hannuna ta miƙo min koren biron. Da bakin biron na rubuta JONAH ZACHARIAS. Ta ce in tsaya gadi har ya bushe, na tsaya har la'asar. Ba ta ce ta yafe ba, amma ta aiko Rita da dafaffiyar doya.

Yau na yi taron ƙarshe na miƙa wa Godfrey kujera. Takarda ta zagaya ta iso kaina. Na duba layi na tara, sunan wani ne. Na goma ma haka. Na bi ta daga sama har ƙasa, na juya bayanta, babu ni a ko'ina. Sai na rubuta da kaina. Nazeefa ta leƙo ta ce, "Ciyaman, ashe haka rubutunka yake?"

Yaya, wata guda ina roƙon Allah ya nuna min takardar da babu kore. Da na gan ta sai na kifa kaina a tebur a gaban kowa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi.

Gobe zan wuce Kurudu. In wannan ta iso, ki duba ƙasa ki gaya min launin da kika gani. Ni dai da shuɗi na rubuta.

Ƙaninki,
Ikrama.